Saura Ƙofa Ɗaya

Ranar da likita ya sallamo Sista bai rubuta mata ranar dawowa ba. Jarumi, mijinta, murna ya yi, har godiya ya yi wa likitan sau biyu. Ita kuwa ta ninke takardar ta jefa a jaka. Shekara ashirin da takwas tana aikin jinya a wannan asibitin, ta san sallamar wanda ya warke, ta kuma san ɗayar. Sai da suka isa gida ta zaunar da shi a bakin gado ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: zuciyar ce ta gaji, magani ya kai iyakarsa, abin da ya rage makonni ne, ba watanni ba.

Jarumi ba sunansa ba ne. Ita ta laƙaba masa, unguwa ta ɗauka da gaske. Shagonsa na fina-finai yana bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Da kaset ya fara, ya koma faifai, yanzu yawanci a waya yake tura wa mutane. Abin da ya fito da sunansa fina-finan tsoro ne, da irin tsofaffin nan da ba su taɓa yin kasuwa ba amma duk wanda ya kamu da su ba ya warkewa. Ba ya ba ka fim sai ya yi maka tambayoyi kamar likita.

"Me ka fi tsoro, duhu ko shiru? Kai kaɗai kake kwana? Akwai madubi a ɗakinka?"

In ka amsa, sai ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya zaro faifai. "Ɗauki wannan. Kada ka kalla ranar da kuka yi faɗa da matarka, za ka buƙace ta."

Abin da unguwa ba ta sani ba, da rana tsaka yake kallonsu, ƙofar shago a wangale, sauti ƙasa-ƙasa, ƙafarsa ɗaya tana waje. Sista kaɗai ta san haka. Ita kaɗai kuma ta san halin da ya shiga bayan mahaifiyarsa ta cika a kan cinyarsa. Shekara guda ya yi in ya rufe ido ba ya ganin komai sai fuskar nan ta ƙarshe. Har yau in yana son tuno tsohuwar tana dariya, sai ya nemo hoto.

Sista ce mai son fina-finan da gaske, amma da sharaɗi.

"Tsoro kamar yaji ne, ina so," in ji ta. "Firgita kuwa mari ne, ba na so."

Daga nan ƙa'idar gidansu ta samo asali. Ba ya kawo mata fim sai ya riga ta kalla shi kaɗai. Zai zaro takardar da ke jikin kwalin faifan, ya rubuta a bayanta duk mintin da wani abu zai faɗo wa mutum ba sallama. In sun zauna kallo ranar hutunta, hannunta na cikin nasa. Kafin abin ya fito, sai ya matsa sau uku. Ta rufe ido. In ya sassauta, ta buɗe. Shekara talatin da ɗaya, bai taɓa makara ba.

Fim ɗaya ne ya gagare su, kuma shi ne na farko. Lokacin yana yaron silima, mai haska wa mutane kujera da tocila, ita tana ɗalibar jinya. Aka kawo wani fim da ba wanda ya iya karanta rubutun jikin hotonsa. Wata mata ce a gida mai ƙofa tara, kullum gari ya waye sai ƙofa ɗaya ta zama bango. Ba jini, ba ihu, sai ƙofofi suna raguwa. Ana saura ƙofa ɗaya, matar ta miƙa hannu za ta buɗe, naɗin ƙarshe ya kama da wuta a cikin majigi. Allon ya yi fari, ɗakin ya yi duhu. A cikin ruɗanin wata budurwa ta cafki hannun mai tocila, ta ji ya fi nata rawa.

"Sannu, Jarumi," ta ce.

Washegari aka mayar da fim ɗin inda ya fito, ba a ƙara ganinsa ba. Mutum ɗari biyun da suka kalla suka sa masa suna Ƙofa Tara. Har yanzu in biyu daga cikinsu suka haɗu a asibiti ko a tasha, gaisuwarsu ɗaya ce. "Saura nawa?" "Saura ɗaya." Jarumi ya neme shi a wurin dillalai, ya sa masu wayo sun bincika masa a intanet, amma ina za ka sami abin da ba ka san sunansa ba?

Kwana goma sha shida bayan sallamar, da safe, yana gyara mata matashi, ta ce, "Jarumi, saura nawa?"

"Saura ɗaya."

"To an same ta."

"An sami me?"

"Ƙofar. Mai Majigi na da faifan. Wani jikansa ne ya aiko masa daga waje. Shi ne, har ƙarshe."

Mai Majigi shi ne tsohon da fim ɗin ya ƙone a hannunsa. Tun da aka rushe silimar ya koma can bayan gada yana gyaran fanka.

Jarumi ya tsaya da matashin a hannu. "Tun yaushe kika sani?"

"Kai dai tambaya kamar ɗan sanda. Je ka karɓo."

"Bari in aiki mai gyaran waya a babur."

"Ka san halin tsohon nan. Ba zai ba kowa ba sai Ɗan Tocilarsa."

Ya dube ta. An taje mata kai, ta sa rigar da ya fi so, ɗakin yana ƙamshin turarenta. Ƙafafunta dai da ya taɓa sun yi sanyi, numfashinta yana zuwa gajere-gajere. Auta, ƙanwarta da ta tare a gidan don jinya, tana tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu. Ita da kullum sai ta tsokane shi da cewa dodon unguwa yana gudun kyankyaso, yau ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ba na son in bar ki haka," ya ce.

"Haka yaya? Ga Auta. Ka tafi tun rana ba ta yi ba. Yau nake son in gani, ba gobe ba."

Wannan "ba gobe ba" ta shige shi kamar allura. Ya sa hula, ya sunkuya zai yi mata sallama. Ta kamo hannunsa, ta matsa. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ya yi dariya. "Ai ba mu kunna ba tukuna, Sista."

"Gwaji nake, in ga ko hannun yana aiki."

Mota biyu ya hau. A kan gada wata tirela ta lalace, suka yi rabin awa suna shaƙar hayaƙi. Goma da rabi ta wuce kafin ya sami shagon, wani lungu da fankoki matattu suka rataya a rufinsa.

"Ɗan Tocila," in ji Mai Majigi, yana leƙo shi ta saman tabarau. "Kai ma furfura? To mu me za mu ce?"

"Baba, saura nawa?"

"Saura ɗaya. Zauna."

"A tsaye nake, Baba. Jikin nata ba daɗi. Faifan na zo karɓa."

"Faifai ba ya gudu. Shekara nawa rabonka da ni, ka zo ka tsaya min a ka kamar mai sammaci? Zauna ka sha shayi."

Ya zauna a bakin benci. Tsohon ya ɗora ruwa, ya tsaya neman siga, ya dawo ya kama labarin ranar gobarar tun daga farko, yadda ya kashe wutar da rigarsa, yadda manaja ya zage shi har kakanni. Da shayin ya ƙare ya fara neman faifan. Ya buɗe akwati, ya rufe. Ya zazzage kwandon wayoyi. Ya duba bayan kalanda.

"Baba, don Allah."

"Ina sane da kai."

"Sha biyu ta kusa."

Tsohon ya dubi agogon bango, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga matashin kujerar da yake zaune a kai, ya zaro faifan. Idanunsa sun kawo ruwa.

"Ƙurar fanka ce," ya ce, ba wanda ya tambaye shi. "Matarka ce ta yi jinyata da aka yi min aikin ƙafa, kafin ita ma ta kwanta. Ba a yi mata musu, Ɗan Tocila. Ka fi ni sani."

Jarumi bai ji rabin maganar ba. Hoton kwalin yake kallo: matar, gidan, rubutun nan da ba ya karantuwa.

"Ka kalla, Baba? Me ke bayan ƙofar?"

"Kai da kake korar mai faɗin ƙarshen fim daga shagonka? Tashi ka ba ni wuri."

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna motar ta sauke shi a mararrabar unguwarsu. Hagu gida, tafiyar minti biyar. Dama shago. Ya tsaya a tsakiya, masu babur suna yi masa hon. Zuciyarsa ta ce ya yi hagu, yau ɗaya dai a karya ƙa'ida. Sai ya tuna maganar likita: kada a bari komai ya razana ta, ko ƙarar rufe ƙofa. Fim ɗin da ya kalla sau ɗaya shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ƙarshensa ma bai sani ba, shi zai sa a gaban wannan zuciyar?

Ya kira Auta.

"Yaya take?"

"Tana kwance, Yaya."

"Na samo. In taho?"

Ya ji kamar an rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Ta ce in ka kira in ce maka ka bi ƙa'ida."

Ya yi murmushi. In har tana iya ba da umarni, da sauranta. Ya yi dama.

Ya buɗe shago, ya bar ƙofar a wangale, ya zura faifan. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu.

"Jarumi, yau kuma wane aljani ne ya zo neman aiki?"

"Babbansu. Kada ka bar kowa ya shigo min."

Awa ɗaya da minti arba'in, haka na'urar ta nuna. Ya so ya riƙa tsallakawa, amma ya san sana'arsa: firgita a cikin daƙiƙa uku take ɓuya, wanda ya yi gaggawa shi take mara. Ya ɗauko littafinsa da biro.

Ga gidan. Ga matar tana shafa bango inda jiya ƙofar kicin take. Saura takwas. Minti na goma sha huɗu, fuska a madubi. Ya zabura, ya rubuta. Saura shida. Minti na talatin da ɗaya, hannu daga ƙarƙashin gado. Ya duba wayarsa, ba kira. Saura huɗu, matar ta daina kuka, ta share gidan, ta taje kanta, ta zauna tana jira. Wannan wurin ya manta da shi sam. Ya rubuta minti na hamsin da biyu, inda taga ke bugawa.

Saura biyu. Saura ɗaya.

Matar ta miƙe. Ta miƙa hannu. A nan ne allon ya yi fari a wancan zamanin. Jarumi ya riƙe gefen kujera, ƙafarsa ɗaya a waje.

Ƙofar ta buɗe.

Wani ƙato ne a cikin rigar roba, kan ya karkace gefe guda, zif ɗin baya a buɗe har ana ganin singileti. Ya ɗaga hannuwa zai yi gurnani, agogo ya bayyana a wuyan hannunsa. Matar ta yi ihun da ko ita ba ta yarda da shi ba. Rubutu ya fara hawa.

Jarumi ya yi dariya har ya kwanta a kan kantar shagon. Shekara talatin da ɗaya mutum ɗari biyu suna mafarkin bayan ƙofar nan, ashe wani bawan Allah ne da zafi ya ishe shi. Ya share hawaye. Sista za ta yi dariya har ta ƙware. A nan ma ba sai ya matsa mata hannu ba.

Ya zaro takardar kwalin don ya kwafe mintunan a bayanta, ya juya ta.

An riga an rubuta.

Shuɗin biro ne, rubutu mai kwanciya gefen dama, irin wanda ya sha gani a katin marasa lafiya. Minti 14, madubi. Minti 31, hannu a ƙarƙashin gado. Minti 52, taga. Duk ba ta kuskure ko ɗaya ba. A ƙasa ta ƙara layi biyar, ƙanana, don su sami wuri.

"Jarumi, sau ɗaya dai na riga ka kallo, a shagon Baba Mai Majigi, ranar da na karɓo sakamakon gwajina. Ƙarshen ba abin tsoro, dariya na yi. Duk ranar da na aike ka karɓo wannan, to ni ce na san mintin, kuma zan matsa maka. Na ga abin da fuskar Innarka ta yi maka. Ni ka tuna ni ina tsokanarka. Ka yafe min."

Bai kashe talabijin ba, bai rufe shago ba. Mai aski ya kira shi, bai waiwaya ba. Takalminsa ɗaya ya fita a bakin kwata, ya bar shi. Tafiyar minti biyar ce, ya yi ta a biyu, yana faɗa wa kansa cewa ma'aikatan jinya ma suna kuskure, sau nawa ta dawo gida ta ce wanda suka fid da rai da shi ya tashi ya nemi abinci.

Takalman mata ya fara gani a ƙofar ɗaki, sun kai ƙafa shida. Maƙwabta. Suna ganinsa suka sunkuyar da kai, suka fice ɗaya bayan ɗaya. Auta na zaune a dandamalin ƙofa, wayarta a cinya.

"Yaushe?"

"Biyu da kwata, Yaya."

Ya lissafa ba da son ransa ba. Saura ƙofa huɗu. Yana rubuta taga.

"Kin sani."

"Tun da safe ta taɓa ƙafafunta, ta ƙirga numfashinta da agogon nan nata na aiki. Ta ce yau ne ko gobe. Ta sa na kira Baba Mai Majigi na ce ya riƙe ka iya ƙarfinsa." Auta ta goge hanci da bakin mayafi. "Na ce mata in kuma gobe ne fa? Ta ce to kun kalli fim ɗinku ke nan, ba a yi asara ba."

"Minti biyar, Auta. Ina nan bakin titi. Ina dariya."

"Ta san kana can. Ta ce in dai ka fara ba za ka tsallake ko daƙiƙa ba."

Ya dubi takardar da ke dunƙule a hannunsa. "Wa ya ce mata ina son rufe ido? Ni na ce? Ita in na matsa mata, tana da zaɓi. Sau nawa na kama ta tana leƙe ta tsakanin yatsu?"

"Na gaya mata haka, wallahi. Na ce wannan ba adalci ba ne."

"Ta neme ni?"

Auta ta kau da kai.

"Ki faɗa min."

"Sau ɗaya. Wajen ƙarfe biyu ta ce, ina Jarumi? Na ɗauki waya zan kira ka. Ta riƙe min hannu, ta girgiza kai."

Ya shiga ɗakin. An rufe ta da farin zanen gado har kai. Kujera biyun da suke zama kallo suna nan a gaban talabijin, tata da matashin bayanta. Ƙamshin turaren bai tafi ba.

"Ta ce ba dole sai ka buɗe ba," in ji Auta daga bakin ƙofa. "Ta ce hotunanta na cikin durowa, ta ware maka masu kyau."

Ya zauna a bakin gadon. Ya zura hannu ƙarƙashin zanen, ya lalubo nata. Ya riƙe.

"Shigo ki zauna," ya ce. "Ki faɗa min tun daga fitata. Me ta ce, me ta sha, ina ta kalla. Kada ki tsallake komai, ko mai muni ne."

Auta ta zauna a ƙasa ta fara. Ta faɗi yadda ta nemi a buɗe taga, yadda ta tambayi ƙarfe nawa har sau huɗu, yadda ta yi 'yar dariya wajen ɗaya da rabi ta ce yanzu ya kai madubi, yanzu ya zabura. Ta faɗi sauran ma, wanda ba daɗin ji. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ta ba.

Ya ajiye takardar kwalin a kan matashi. Ya jira kaɗan, kamar mai jiran a matsa masa hannu. Sannan ya kama bakin zanen, idonsa a buɗe, ya ɗaga.